Thierry Sabine, madugun tseren Paris-Dakar

Ranar Talata 14 ga watan Janairu na shekara ta 1986, bayan faɗuwar rana, wani jirgi mai saukar ungulu ya faɗi cikin tuddan rairayi kusa da garin Gurma-Rarus, a ƙasar Mali. Mutum biyar ne a cikinsa, babu wanda ya tsira. Ɗaya daga cikinsu shi ne Thierry Sabine, Bafaranshen da ya ƙago tseren motoci da babura da aka sani da suna Paris-Dakar. Ya mutu yana da shekara 36 a duniya. Da safiyar wannan rana ya tashi daga Yamai, bayan ayarinsa ya ratsa ƙasar Nijar ta Agadas, Dirku, Agadem da Damagaram.

Thierry Sabine baƙo ne, amma rayuwarsa ta haɗu da ta ƙasar nan sau da yawa. Cikin hamadar Nijar ya ɓata har ya kusa halaka, cikinta ya yi suna, cikinta kuma aka watsa tokarsa. Tarihinsa ya shafi wata gardama da masu sha'awar tseren motoci ba su daina yi ba har yau, wadda direbobi da makanikai na tashoshin Tasawa da Mayahi sun san irinta ƙwarai. Idan mota ta riga sauran isa, aikin wane ne? Na mai riƙe da sitiyari, ko na wanda ya kwana yana gyara, ko kuwa na mai kuɗin da ya sayi motar ya ɗauki ma'aikata?

Asalinsa da tasowarsa

An haife shi ranar 13 ga watan Yuni na 1949, a wata unguwa ta gefen birnin Paris. Mahaifinsa, Gilbert Sabine, likitan haƙori ne mai sha'awar tseren mota, kuma iyalin suna da alaƙa da Le Touquet, wani gari na bakin teku a arewacin Faransa. Yaron ya tashi cikin wadata. Da hawan doki ya fara, daga baya hankalinsa ya koma ga mota da babur. Ya yi karatun aikin hulɗa da ƴan jarida, wannan ilmi kuwa ya yi masa rana, domin ya san yadda a ke jawo hankalin gidajen rediyo da talabijin zuwa ga abin da mutum ya shirya.

A fagen tuƙi ya yi abin a yaba. Ya shiga tseren awa 24 na garin Le Mans sau uku, daga 1975 zuwa 1977, cikin motar Porsche, ko da ya ke bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Baiwarsa ta gaskiya ta bayyana wajen tara mutane da tsara musu gasa. Cikin 1975 ya shirya tseren babura bisa rairayin bakin tekun Le Touquet, inda mahaya 286 suka fito. Dokarsa mai sauƙi ce: gwani da ɗan koyo su tashi wuri ɗaya, lokaci ɗaya, rairayi ya tantance su. Wannan ra'ayi shi ya riƙe duk tsawon rayuwarsa.

Kwana uku cikin hamada

Cikin watan Janairu na 1977 ya shiga wani tsere da wani Bafaranshe mai suna Jean-Claude Bertrand ya shirya, daga Abijan zuwa birnin Nis na kudancin Faransa. Yana bisa babur Yamaha XT 500. Da suka wuce Dirku, a yankin Kawar, suka nufi arewa wajen iyakar Libiya, sai ya kauce daga hanya, ya rabu da sauran, ya tsinci kansa shi kaɗai cikin duwatsu da rairayi, ba ruwa, ba inuwa. Ya yi wajen kwana uku haka nan, har ƙishirwa ta kusa gama masa aiki, sa'an nan wani ƙaramin jirgin sama da aka tura nemansa ya hango shi.

Abin da ya same shi, mutanen Abzin sun san shi tun kaka da kakanni: ba a shiga Tenere mutum ɗaya. Ayarin raƙuman da ke zuwa Fashi da Bilma ɗaukar gishiri da dabino, wanda daga baya ya gangaro Damargu, Tasawa, Maraɗi har Kano domin neman gero, ba ya tashi sai da madugu wanda ya san taurari da kwanciyar tuddai, ba ya tashi kuma sai an lissafa ruwa da ciyawar dabbobi na zuwa da na komowa. Sabine ya shiga da ƙarfin inji da ƙuruciya, kuma da ba don wasu sun fita nemansa ba, da labarinsa ya ƙare nan.

Wani mutum da ya ga irin wannan, da ya rantse ba ya sake komawa. Shi kuwa ya koma gida da son hamada cikin zuciyarsa, da niyyar ya kawo wasu su gan ta. Ya kafa kamfaninsa na shirya gasa, ya nemi masu ba da kuɗi, ya nemi izinin gwamnatoci, cikin ƙasa da shekara biyu ya gama shiri.

Tseren farko

Ranar 26 ga watan Disamba na 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga dandalin Trocadéro na birnin Paris. Suka ƙetare teku cikin jirgin ruwa zuwa Aljeriya, suka ratsa Sahara, suka shigo Nijar ta Arlit da Agadas zuwa Yamai, daga nan Mali, Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, sai Senegal. Tafiyar ta kai kilomita wajen 10.000. Ranar 14 ga Janairu na 1979, guda 74 kaɗai suka isa Dakar. Wani saurayi mai suna Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya bisa babur Yamaha, a ɓangaren motoci kuwa Alain Génestier ya riga kowa da Range Rover. Tun wannan karo na farko aka yi asarar rai, domin wani mahayin babur ya faɗi kusa da Agadas, raunin ya zama ajalinsa.

Ya kamata mai karatu ya san yadda gasar ke gudana. An raba hanya zango-zango, kowace rana da nata. Cikin kowane zango akwai inda a ke auna lokaci, a ƙarshe a tara lokutan duka, wanda nasa ya fi kaɗan shi ya ci. A zamanin Sabine babu na'urar da ke nuna wuri ta tauraron ɗan adam, sai cikin 1992 aka shigo da ita gasar. Abin da ke hannun ɗan tsere shi ne kamfas, da na'urar ƙirga kilomita, da wani littafin hanya inda aka zana alamomi: ga rijiya, ga dutse, ga inda za a karkata. Cikin mota mutum biyu ne ko uku, direba da jagora mai karanta littafin, wani lokaci da makanike. Mai babur kuwa shi ne direba, shi ne jagora.

Sabine da kansa ya ke fita watanni kafin gasa ya duba hanya. Lokacin tsere, kullum da asuba sai ya tara mutane, yana sanye da fararen tufafi, ya faɗa musu abin da ke gabansu, sa'an nan ya hau jirginsa ya bi su ta sama. Idan dare ya yi, a zango, nan bambanci ke fitowa fili. Direban babban kamfani ya ci abinci ya kwanta, makanikansa su kwana suna sauya masa abin da ya lalace. Wanda ya zo da kuɗin aljihunsa kuwa, shi zai shiga ƙarƙashin motarsa da fitila, ya yi barcin awa biyu ko uku, gari ya waye ya sake kama hanya.

Sauran dabaru, direbobin da ke zuwa kasuwannin ƙauye a gundumar Mayahi, ta wajen El Alasan Mairairai, ba sai an koya musu ba. A rage iskar taya kafin a shiga rairayi mai laushi, kada a tsaya a gindin tudu, a riƙe shebur da faifan ƙarfe na sa wa ƙarƙashin taya, a kakkaɓe matatar iska kullum, domin ƙura ita ce ajalin inji.

Direba, makanike ko kamfani?

Shekara bakwai da Sabine ya yi yana jagorancin gasar sun bai wa kowane ɓangare na masu gardama hujja.

Masu cewa direba ne komi suna kawo sunan Cyril Neveu, wanda ya ci gasar babura sau biyar, a 1979, 1980, 1982, 1986 da 1987, sau biyu da Yamaha, sau uku da Honda. An sauya masa babur, nasara ba ta bar shi ba. Suna kawo Gaston Rahier, ɗan ƙasar Beljiyam, gajeren mutum wanda ƙafarsa ba ta kai ƙasa daga bisa babban baburinsa BMW, har sai ya tayar da shi ya bi shi da gudu kafin ya haye, amma ya ci gasar a 1984 da 1985. Suna kawo kuma René Metge, wanda ya ci da Range Rover a 1981, ya sake ci da Porsche a 1984 da 1986.

Masu cewa gyara da sanin mota ne gaba suna kawo ƴan uwa biyu, Claude da Bernard Marreau. A tseren farko sun zo da ƙaramar mota Renault 4, irin wadda ma'aikata ke hawa cikin gari, suka zo na biyu cikin motoci, gaban manyan kat-kat masu tsada. Cikin 1982 suka ci gasar gaba ɗaya da Renault 20 wadda suka shirya da hannunsu. Claude ke tuƙi, Bernard ke nuna hanya, idan ta lalace su biyu ke gyara. A wannan shekara ce Mark Thatcher, ɗan shugabar gwamnatin Ingila ta lokacin, ya ɓata kwana 6 a kudancin Aljeriya bayan motarsa Peugeot 504 ta karye, har sai da jirgin sojan Aljeriya ya gano shi. Duniya duka ta ji labarin, sunan gasar ya ƙara bazuwa.

Masu cewa kamfani ne ke cin tsere, hujjarsu ta fi yawa yayin da shekaru ke wucewa. Cikin 1980 kamfanin Volkswagen na Jamus ya kawo motoci huɗu samfurin Iltis, waɗanda asalinsu na soja ne. Duka huɗun suka isa Dakar, suka zo na 1, na 2, na 4 da na 9, ta ƙarshen kuwa injiniyan kamfanin ne, Roland Gumpert, ke cikinta da kayan gyara. Kamfanin Porsche ya bi wannan sawu. Jacky Ickx, ɗan Beljiyam wanda ya ci tseren Le Mans sau shida, ya ci Dakar a 1983 da Mercedes, sa'an nan ya jawo Porsche cikin gasar. Dabararsu ita ce su sa mota uku iri ɗaya, biyu ga manyan direbobi, ta uku ta bi su a baya a matsayin mai kawo ɗauki. A 1984 da 1986 injiniyansu Roland Kussmaul ne ya tuƙa wannan mota ta uku, domin duk inda na gaba suka tsaya ya iske su ya gyara.

Amma ko kamfani yana faɗuwa. Cikin 1985 motocin Porsche uku duka suka tsaya a hanya, babu wadda ta ga Dakar, Patrick Zaniroli ya ci da Mitsubishi Pajero. Injiniyoyin suka koma Jamus suka yi shekara guda suna nazarin abin da ya karye. Suka dawo a 1986 da mota samfurin 959 mai tankin da ke ɗaukar fiye da lita 300, suka daidaita injin yadda zai iya shan man da a ke samu a hanya. A wannan karo suka zo na 1 da na 2, shi kansa Kussmaul, mai ɗauke da kayan gyara, ya zo na 6. Direbobin gaba su ne na bara, Metge da Ickx. Abin da ya sauya shi ne aikin da aka yi cikin garaji.

Shi Sabine yana tsakanin wuta biyu. Zuciyarsa tana tare da ƙananan ƴan tsere masu sayar da abin hannunsu domin su zo, su ne suka fi yawa, su ne kuma asalin gasar. Amma manyan kamfanoni su ke kawo kuɗi da talabijin. Maganin da ya samo shi ne ya ƙara wahalar hanya kowace shekara, ya tsawaita zanguna, ya kai su inda babu alama, bisa tunanin cewa inda hanya ta ɓace, kuɗi ba su da amfani sai hankali. Abin ya zo masa da akasi, domin duk lokacin da hanya ta ƙara tsanani, mai makanikai da manyan motocin kaya da jirgin sama a bayansa shi ke jurewa, maras su ya tsaya.

Guguwar Tenere

Cikin 1983 ya shigar da gasar tsakiyar Tenere karo na farko. Iska mai ƙura ta taso ta rufe sama da ƙasa, har direba ba ya ganin gaban motarsa. Ƴan tsere wajen 40 suka ɓata, wasu suka yi nisa ƙwarai daga hanya. Sabine ya yi kwana huɗu yana shawagi da jirginsa, yana sauka yana tashi, yana nuna wa wannan hanya, yana kai wa wancan ruwa, har aka tattaro su duka da rai. Mutumin da jirgi ya tsamo daga hamada shekara shida da suka wuce, ga shi ya zama mai tsamo wasu. Daga wannan shekara ƴan tsere suka ba shi amana ta gaba ɗaya, suna shiga duk inda ya ce, domin sun tabbata zai zo nemansu.

A ƙasar Nijar bai yi aikin nan shi kaɗai ba. Abokinsa na kusa shi ne Mano Dayak, ɗan Abzin, wanda ya kafa kamfanin yawon buɗe ido na Temet a Agadas, wanda kuma filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa a yau. Shi da jagororin da ke aiki tare da shi sun taimaka wajen binciken hanyoyi da shirya zanguna. Sanin ƙasa da ke cikin littafin hanyar da Turawa ke karantawa, da yawansa daga bakin mutanen wurin aka samo shi, ko da ya ke ba sunansu a ke rubutawa cikin jerin waɗanda suka ci ba.

Riba da hasara ga ƙasashen da aka ratsa

Akwai wata gardama ta biyu wadda ta fi ta farko nauyi. Zuwan ayarin yana kawo ciniki. A Agadas masu gidajen haya, masu otel, maƙeran azurfa, dukawa, makanikai da masu sayar da abinci suna samun cikin kwana biyu abin da ba su samu cikin watanni. Hotunan Tenere da na duwatsun Abzin sun shiga gidajen Turai ta talabijin, masu yawon buɗe ido suka biyo baya.

Amma akwai hasara. Motoci masu gudun da ba a saba gani ba suna ratsa ƙauyuka inda yara ke fitowa kallo. Cikin 1982 wata motar gasar ta kashe wani yaro a Mali, cikin 1984 wata mace ta rasa ranta a Haute-Volta. Hanyoyin ƙasa da talakawa ke bi zuwa kasuwa da asibiti suna lalacewa bayan wucewar ɗaruruwan motoci, gyaransu kuwa ya rage wa ƙasa. Sa'an nan ga fari. Daminar 1984 ta ɓaci a duk faɗin Sahel, rumbuna suka bushe, dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. Cikin wannan hali ne ayarin Janairu na 1985 ya wuce da tankokin mai da abinci da aka kawo daga Turai. A Faransa kanta mutane da yawa sun ce abin bai dace ba, cikinsu har da René Dumont, masanin aikin gona wanda ya daɗe yana rubutu bisa matsalolin manoman Afirka.

Sabine bai toshe kunnensa ba. Domin gasar 1986 ya shirya wani aiki na kai injunan ban ruwa ƙauyukan Sahel, ta amfani da motocin kaya da jiragen gasar. Wanda ya tsaya a gaban wannan aiki shi ne Daniel Balavoine, mawaƙi mai farin jini a Faransa, wanda ya taɓa shiga gasar a 1983 da 1985 a matsayin jagora, ya ga halin da mutane ke ciki da idonsa. Masu suka sun ce injunan ba su kai su biya abin da a ke ɓatawa ba, masu yabo suka ce ko ba komi an fara.

Ranar ƙarshe

Gasar 1986 ta tashi daga Versailles ranar 1 ga Janairu da motoci da babura kusan 500, kuma ta zo da wahala da haɗurra tun farkonta. Bayan hutun Yamai, zangon ranar 14 ga wata ya nufi Gurma-Rarus, a bakin kogin Kwara. Sabine da Balavoine suka tsaya Gawo domin ganawa da hukumomi bisa zancen injunan ban ruwa, suka kuma buɗe wani wasan ƙwallon ƙafa da aka shirya saboda zuwan gasar. Wannan ya sa suka makara. Jirgin ba a yi shi domin tafiyar dare ba, ga iska tana tayar da ƙura. Suka sauka sau ɗaya cikin daji, suka sake tashi suna bin fitilun wata motar gasa. Saura kilomita wajen 8 su isa, jirgin ya bugi ƙasa ya tarwatse.

Tare da Sabine da Balavoine, waɗanda suka mutu su ne matuƙin jirgin, François-Xavier Bagnoud, da ƴar jarida Nathalie Odent, da ma'aikacin rediyo Jean-Paul Le Fur. Ranar ta zo daidai da cikar shekara bakwai da isar tseren farko Dakar. Mataimakansa suka ci gaba da gasar har ƙarshe. An ƙone gawarsa bisa al'adar wasu Turawa, aka kawo tokar Nijar, aka watsa ta gindin wani itacen ƙaya da ke tsaye shi kaɗai cikin Tenere, gabas da duwatsun Abzin, bisa hanyar Shirfa. Tun daga nan a ke kiransa Itacen Thierry Sabine. Kada a haɗa shi da sanannen Itacen Tenere na hanyar Bilma, wanda wata babbar mota ta kayar a 1973, wanda gangar jikinsa ke ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Yamai.

Abin da ya biyo baya

Mahaifinsa Gilbert ya karɓi ragamar gasar, daga baya kamfanin Amaury ya saye ta. Abin da Sabine ya yi ta ƙoƙarin hanawa ya tabbata bayan mutuwarsa. Kamfanin Peugeot ya shigo a 1987 da rundunar injiniyoyi da makanikai ƙarƙashin Jean Todt, ya ci gasar motoci shekara huɗu a jere. Cikin 1989, a garin Gawo, direbobinsa biyu, Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan da Jacky Ickx, sun bar kowa a baya suna ta gwabzawa tsakaninsu. Todt ya ji tsoron kada su karya motocin duka biyu, sai ya jefa kwabon faran 10 sama domin a san wanda za a bar wa nasara. Ƙuri'a ta faɗa bisa Vatanen, Ickx ya bi umurni. Har yau masu sha'awar tsere suna gardama bisa wannan kwabo: wasu na ganin an ci amanar gasa, wasu na ganin shugaba ya yi abin da ya kamaci mai tsaron dukiyar kamfani.

Nijar ta ci gaba da karɓar ayarin shekaru da dama. A 1997 Agadas ce makomar gasar, daga Dakar aka zo aka juya. A shekara ta 2000, saboda barazanar ƴan bindiga, aka kwashe ayarin duka cikin manyan jirage daga Yamai zuwa Libiya. A 2008 aka soke gasar baki ɗaya saboda rashin tsaro a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 aka yi ta a Amurka ta Kudu, tun daga 2020 kuwa a ƙasar Saudiyya a ke yin ta, sunan Dakar kaɗai ya rage mata daga Afirka. Iyalan Balavoine sun kafa ƙungiya da sunansa wadda ta ci gaba da kai injunan ban ruwa ga manoman shinkafa na Mali, mahaifiyar Bagnoud kuma ta kafa wata mai kula da marayu.

Game da tambayar farko, tarihin Thierry Sabine ya ba da amsa iyakar gwargwado. Ya kafa gasarsa bisa imanin cewa mutum da injinsa da ƙarfin zuciyarsa sun isa su ƙetare hamada, amma shi kansa jirgin wani ya cece shi a 1977, shi kuma ya ceci wasu 40 a 1983. Direba nagari ba ya kai ko'ina da motar da ba a gyara ba, mota mai kyau ba ta sanin hanya sai da jagora, jagora kuma daga mutanen ƙasa ya ke samun iliminsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda duk zai yi lissafin nasarar Paris-Dakar, ya kamata ya sa makanikan da suka kwana a tsaye, da jagororin Abzin da Kawar, ya kuma tuna da mutanen ƙauyukan da aka ratsa, waɗanda wasunsu suka rasa ƴaƴansu bisa hanya.